Tsohuwar Tatsuniya a Sabuwar Riga: Tambayoyi da Amsoshi Kan Littattafan Almara da Soyayya na Matasa

Wanda ya leƙa sashen littattafan matasa na Turanci a 'yan shekarun nan zai ga bangon littattafai cike da furen wardi mai ƙaya, da madubi, da tuffa, da takalmi ƙafa ɗaya. Duk alamu ne na tsofaffin tatsuniyoyin da marubuta suka sake ɗinka wa riga. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan dawowa daga bakin sababbin masu karatu, da iyaye, da masu marmarin rubuta nasu.

Wane irin littattafai ne waɗannan?

Ƙagaggun labarai ne masu tsawo, galibi shafi 300 zuwa 500, waɗanda aka gina a kan ƙashin wata tatsuniya da kowa ya sani. Marubuciya (mata ne suka fi yawa a fagen) takan ɗauki Cinderella, ko labarin gimbiyar da ta yi barcin shekara ɗari, ko na budurwar da ta zauna a gidan dodo, ta ba mutanen ciki suna da hali da tarihi, ta gina musu ƙasa mai sarakuna da dokokin tsafinta, sannan ta sa soyayya ta zama igiyar da ke jan labarin. Abin da kaka za ta gama faɗa kafin tuwo ya huce, a nan sai ya ci mako guda ana karantawa.

Me ake nufi da "na matasa"? Babba ba zai karanta ba?

Masu buga littattafai a Amurka da Birtaniya suna da rukuni da suke yi wa laƙabi da YA, na 'yan shekara 12 zuwa 18. Babbar alamarsa ita ce shekarun jarumar, wadda takan kasance tsakanin 15 da 18, sai kuma abin da ke damunta: so na farko, saɓani da iyaye, neman sanin ko ita wace ce. Sau da yawa da bakinta take ba da labarin.

Manya kuwa sun daɗe da kutsawa. Wani binciken kasuwa da kamfanin Bowker ya fitar a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan wannan rukuni sun kai shekara 18 ko sun wuce. Wannan ya yi tasiri a kan abin da ake rubutawa, kuma shi ne tushen matsalar da ke cikin tambayar iyaye a can ƙasa.

Daga ina tatsuniyoyin asali suka fito?

Daga bakin mutane, kamar namu. Wasu tsirarun marubuta ne suka sa su a takarda, kuma sigarsu ce ta zama mizani. A Italiya, tarin Giambattista Basile ya fito tsakanin 1634 da 1636, bayan rasuwarsa. A Faransa, Charles Perrault ya buga nasa a 1697, kuma daga gare shi takalmin gilashi da kabewar da ta rikiɗe ta zama keken doki suka shiga labarin Cinderella. A Jamus, wa da ƙane, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da kashin farko na tarinsu a 1812, suka yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857, mai tatsuniyoyi 200.

Gyaran nan nasu abin lura ne. A bugun 1812, uwar Snow White ta cikinta ce ke neman hallaka ta saboda kishin kyau. A bugun 1819 sai suka mayar da ita matar uba, saboda abin ya yi wa iyaye nauyi. Wato tun kafin a haifi marubutan yau, ana ta sauya waɗannan labarai gwargwadon kunnen mai sauraro.

Hans Christian Andersen na ƙasar Denmak shi daban ne, domin yawancin shahararrun labaransa shi ya ƙaga su. Labarin 'yar ruwan da ta sayar da muryarta don ta sami ƙafafu ya fito a 1837. Shi kuma Beauty and the Beast, wanda zan riƙa kira Kyakkyawa da Dodo, mata biyu Faransawa ne suka kafa shi: Madam de Villeneuve ta rubuta doguwar siga a 1740, Madam Leprince de Beaumont ta taƙaita ta a 1756.

Na kalli zanen Disney tun ina yaro. Ai na riga na san labaran ko?

Ka san siga ɗaya, wadda aka wanke aka goge. A wurin Grimm, 'ya'yan matar uban Cinderella yanke yatsa da diddige suka yi don takalmin ya shige su, jinin da ke tsiyaya ne ya tona musu asiri, ranar biki kuma tattabaru suka ƙwaƙule musu idanu. Snow White ba sumba ce ta tashe ta ba: masu ɗauke da akwatin gawarta ne suka yi tuntuɓe, gutsuren tuffar ya fito daga maƙogwaronta. Gimbiyar da ta haɗu da kwaɗo ma ba ta sumbace shi ba, da bango ta maka shi. 'Yar ruwan Andersen ba ta auri yariman ba. Wata ya aura, aka ba ta wuƙa ta kashe shi don ta tsira, ta ƙi, ta faɗa teku ta zama kumfa.

Marubutan yau sun san duka biyun, sukan kuma yi wasa a tsakani. Sukan bar maka alamar da ka saba da ita daga majigi don ka saki jiki, sannan su ɗauko duhun tsohuwar sigar su dawo da shi.

Idan na san ƙarshen labari, mene ne daɗin karanta shi?

Tambayi yaron da ke cewa kakarsa ta sake yi masa tatsuniyar Gizo da ya ji sau goma. Ya san Gizo zai sha kashi. Yadda za a kai can yake jira, da muryar da za a yi wa Ƙoƙi a daren yau. Mai karanta waɗannan littattafai haka yake: tun daga shafin farko yana sauraron inda takalmin zai ɓullo, da kamar da zai zo da ita.

Misali mai kyau shi ne *Cinder* na Marissa Meyer, wanda ya fito a 2012. Jarumar makanikiya ce a wani birnin Beijin na zamani mai zuwa, wani sashe na jikinta ƙarfe ne. Da aka zo matakalar fada, ƙafar ƙarfen ce kanta ta cire ta faɗi. Mai karatu ya san za a bar wani abu a matakala, amma bai zaci ƙafa sukutum ba, kuma abin da ya zama abin ado a tsohon labari a nan ya zama tonon silili a gaban yarima.

Me ya sa sai an cusa soyayya? Tatsuniyar ba ta isa ba?

Soyayyar tana nan tun asali, sai dai ba a taɓa bayyana ta ba. Tatsuniya takan ce yarima ya gan ta, ya so ta, aka ɗaura aure, ƙurunƙus. Ba ta gaya maka abin da suka tattauna ba, ko sun ma yi magana. Mutumin da ya kwana yana rawa da budurwa amma bai iya gane fuskarta ba sai da takalmi, wane irin so ne wannan? Ita kuma an tambaye ta? A tatsuniyar baka babu mai damuwa, domin mutanen ciki kamar 'ya'yan dara suke, kowa da gurbinsa. Littafi mai shafi 400 ba zai iya tsallake wannan rami ba, dole ya cike shi.

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Littafin da ya yi nasara shi ne wanda ya gano tambayar da tatsuniyar ta yi shiru a kanta, ya mayar da ita zuciyar labarinsa. Gail Carson Levine ta yi haka a *Ella Enchanted* na 1997. Ta tambayi kanta dalilin da zai sa yarinya mai hankali ta zauna ana bautar da ita ba ta ce uffan ba. Amsarta ita ce wata aljana ta yi wa jaririyar kyautar biyayya, duk umarnin da aka ba ta sai ta bi ko ranta bai so. Da wannan sai soyayyar ta sami nauyi: idan ta auri yarima, duk maƙiyin da ya san sirrinta zai iya umartar ta ta kashe shi. Ƙin aurensa ya zama shi ne hujjar sonta.

Wanda ya gaza kuwa shi ne wanda ya ɗauki sunaye da kayan ado kawai, ya lulluɓe wata soyayyar gama-gari da su. Akwai ƙarin bayani a tambaya ta ƙarshe.

Me ya sa Kyakkyawa da Dodo ta fi kowace yawa? Kuma ba koyar da son mai zalunci take yi ba?

Ta fi yawa ne saboda ita kaɗai ce cikin manyan tatsuniyoyin da ta ba masoyan lokaci. Suna gida ɗaya wata da watanni, suna cin abincin dare tare, kullum yana neman aurenta tana cewa a'a. Daga tsoro zuwa sabo, daga sabo zuwa tausayi, daga nan zuwa so: marubuciya ta sami matakala a shirye. Salon nan da masu karatu ke haukacewa a kansa, na maƙiyan da suka koma masoya, a nan ya fi samun wurin zama.

Zargin kuma yana da ƙafa. Yarinyar fursuna ce, an ba da ita fansar uban da ya tsinki fure. Madam de Beaumont malamar 'yan mata ce a Landan lokacin da ta rubuta tata sigar, kuma manazarta da dama suna karanta labarin a matsayin lallashi ga 'yan matan da za a aurar wa mazan da ba su sani ba: ki yi haƙuri, dodon zai zama mutum. Mai karatun da ya tashi da littattafan soyayya na Kano, inda auren dole ya daɗe yana cikin manyan jigogi, ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Ma'aunina guda ne. Ina duba ko ƙofa a buɗe take lokacin da ta ce tana son sa. Idan ta sami damar tafiya, ta tafi, ta dawo da ƙafarta, to labari ne na zaɓi. Idan kuwa tsawa da kulle ƙofa da kishi mai tsanani ne ake nuna wa yarinya 'yar shekara 14 a matsayin alamar so, wannan littafi bai sake komai ba, dodon kawai aka yi wa kwalliya.

Yaushe wannan yayi ya fara?

Mutane da yawa suna kai shi ga *Beauty* na Robin McKinley, 1978, wadda ta sake komawa kan tatsuniyar guda a wani littafin a 1997. Ambaliyar ta zo ne bayan 2010, lokacin da kasuwar littattafan matasa ta bunƙasa, kamfanoni suka ga cewa labarin da aka riga aka sani ba ya wahalar talla. Daga 2020 kuma 'yan matan da ke nuna littattafai a TikTok suka ƙara hura wutar, har kalmar romantasy, wato gamin soyayya da almara, ta zama sunan rukuni a shagunan littattafai.

Da wanne zan fara?

Ya danganta da abin da kake nema. Ga yaro ko yarinya 'yar 10 zuwa 13, ko wanda Turancinsa bai gama nuna ba, *Ella Enchanted* ya fi sauƙi, ga ban dariya. Mai son gudu da makirci ya ɗauki *Cinder*, amma ya sani littattafai huɗu ne a jere, na farkon kuma a tsakiyar rikici yake tsayawa. Mai son rubutu mai natsuwa ya nemi *The Goose Girl* na Shannon Hale, 2003, labarin gimbiyar da kuyangarta ta ƙwace mata matsayi ta koma kiwon dinya.

Shawara ɗaya: kafin ka buɗe kowanne, karanta tatsuniyar asali. Ba ta wuce 'yan shafuka, kuma fassarorin Turanci na Grimm da Andersen da Perrault suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Rabin daɗin yana cikin gane abin da aka juya.

Ni uwa ce. Akwai abin da ya kamata in sani kafin in saya wa 'yata?

Akwai. Laƙabin YA ba hukuma ce ke ba da shi ba, kamfanin da ya buga littafin ne ke yanke shawara, kuma kamar yadda aka faɗa a sama, manya ne rabin kasuwar. Wasu littattafan ba su wuce riƙe hannu da sumba ba. Wasu suna kai masoyan ɗaki su ja labule. Wasu ba sa jan labulen. Fitaccen misali shi ne jerin Sarah J. Maas da ya fara da *A Court of Thorns and Roses* a 2015, wanda aka fara sayarwa a sashen matasa, daga baya aka mayar da shi na manya saboda yadda littattafan da suka biyo baya suka fito fili da sha'anin kwanciya. Bangon ba zai gaya miki wannan ba.

Haka nan akwai waɗanda soyayyar cikinsu tsakanin mace da mace ce ko namiji da namiji, akwai masu zubar da jini sosai, kuma kusan dukkansu akwai tsafi da aljanu da alloli na ƙage. Kowane gida ya san iyakarsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ki rubuta sunan littafin a shafin intanet na Common Sense Media, inda ake zayyana abin da ke ciki da shekarun da ya dace da su, ko ki duba sharhin masu karatu a shafin Goodreads. Wanda ya fi duka shi ne ki riga ta karantawa, don ku sami abin hira.

Duk tatsuniyoyin Turawa ne ake sakewa?

A da kusan haka ne, yanzu an faɗaɗa. Renée Ahdieh ta ɗauki Dare Dubu da Ɗaya a *The Wrath and the Dawn* na 2015, inda Shahrazad ta miƙa kanta ga sarkin da ke kashe amare don ta rama kisan ƙawarta. Natasha Bowen, wadda ke da jinin Nijeriya da na Wales, ta fitar da *Skin of the Sea* a 2021: 'yar ruwan Andersen ta zama Mami Wata a tekun Afirka ta Yamma a ƙarni na 15, aikinta tattara rayukan waɗanda aka jefa teku daga jiragen bayi, cikin duniyar allolin Yarabawa.

Kalmar "na Turawa" ma tana da rauni. A ƙasar Sin an rubuta labarin Ye Xian, marainiya mai takalmin zinariya da matar uba, tun ƙarni na 9, fiye da shekara 800 kafin Perrault. Aladdin da Ali Baba kuma ta hannun Bafaranshe Antoine Galland suka shiga Dare Dubu da Ɗaya, bayan ya ji su a 1709 daga bakin Hanna Diyab, wani matashi mutumin Halab. Masana sun ma yi wa tatsuniyoyin duniya lambobi saboda yawan kamanninsu: dangin Cinderella su ne 510A.

Mu Hausawa muna da irin wannan?

Tatsuniyar muna da ita, har da takalmin. A cikin tarin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 akwai labarin yarinyar da uwarta ta rasu, kishiyar uwa na gallaza mata, tana kai wa kwaɗin kududdufi ƙanzo. Ranar wasa wani kwaɗo ya amayo mata tufafi da takalma, ɗaya na azurfa ɗaya na zinariya, ta bar na zinariyar a dandali, ɗan sarki ya sa aka nemi mai shi. 'Yar mowa da 'yar bora kuwa sun cika tatsuniyoyinmu.

Sake wa labari riga ma ba baƙon abu ba ne. Abubakar Imam ya yi shi a *Magana Jari Ce* a ƙarshen shekarun 1930, inda ya ɗebo daga Grimm da Dare Dubu da Ɗaya da wasu wurare, ya zaunar da su a ƙasar Hausa har mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta. Abin da ya rage shi ne haɗa wannan da doguwar soyayyar da marubutanmu suka riga suka ƙware a kai. Tambayoyin suna nan jibge. Daskin-da-Riɗi me ta ji a ranta duk tsawon lokacin da ake mata kallon abin ƙyama? 'Yar mowa mugunta ce halinta, ko uwarta ce ta tura ta?

Ina so in rubuta nawa. Ba zan taka haƙƙin mallakar wani ba?

Tsofaffin sigogin na kowa ne. Perrault ya rasu a 1703, Grimm a 1859 da 1863, Andersen a 1875, alhali a Nijeriya da Tarayyar Turai haƙƙin marubuci yana ƙarewa ne shekara 70 bayan rasuwarsa. Tatsuniyar da kika ji a bakin kakarki ma kina iya gina littafi a kanta.

Inda ake faɗawa rami shi ne ɗaukar abin da wani na baya-bayan nan ya ƙara. Sunayen wadannin nan bakwai na labarin Snow White da aka sani daga majigin Disney na 1937 na kamfanin ne. Haka sunan Ariel da aka ba 'yar ruwan da jan gashinta, da mafaraucin nan Gaston da alkukin da ke magana a Kyakkyawa da Dodo: babu su a tsohon labari. Sabuwar fassara ma tana da mai ita. Kalmomin Abubakar Imam kuma, tun da a 1981 ya rasu, har yanzu suna ƙarƙashin kariya. Ki koma tushe, kamar yadda aka ba da shawara a tambayar da wanne za a fara, ki gina naki daga can.

Har ina marubuci zai iya sauya labari kafin ya daina zama wannan tatsuniyar?

Wuri da zamani da suna da launin fata duk ana iya sauya su, tatsuniyar ba ta ko motsa. Abin da ba ya ɗaukar taɓawa shi ne ƙullin da ke tsakiya. A Cinderella, ƙullin shi ne mutum mai daraja da aka ɓoye a toka, da abin da zai sa a gane shi. Cire takalmi ki sa zobe ko murya ko tabo, labarin yana nan. Cire ɓoyuwar da ganewar, ya tafi. A labarin 'yar ruwa, ƙullin shi ne farashin da ta biya: ta ba da muryarta don shiga duniyar da ba tata ba.

Elizabeth Lim ta nuna yadda ake ƙara ɗaure ƙulli maimakon a kwance shi, a *Six Crimson Cranes* na 2021. A tsohuwar tatsuniyar, yarinya tana yin shiru na shekaru don ta ceto 'yan'uwanta maza da aka mayar tsuntsaye. Lim ta kai labarin wata ƙasa mai kama da gabashin Asiya, ta kife wa jarumar akushi a ka yadda ba mai gane ta, ta kuma sa sharaɗin cewa duk kalmar da ta fita daga bakinta, ɗaya daga cikin yayyenta shida zai mutu. Saurayin da zai so ta dole ya so ta ba tare da ya ga idanunta ko ya ji muryarta ba, kuma shi ne wanda ta guje wa baikonsa a farkon littafin.